Windows ɗin da ba mu biya ba

Ƴan uwa ɗalibai, mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin kwamfutocinmu gwanjo ne, kuma Windows ɗin da ke ciki mai gyara ne ya ɗora shi, babu lasisi. Shin sata ce? Wasu na cewa ai Microsoft ba zai san an ci masa komai ba. Ni wannan hujja ba ta shige ni ba, don yawan dukiyar mai kanti ba ya halatta ɗaukar kayansa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta larura, wai ba mu da wata hanya. To amma akwai.

A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya fara rubuta Linux. Lasisinsa, GPL, ya ba ka damar kwafa, ka gyara, ka ba abokinka. Sharaɗin shi ne in za ka raba, ka bar shi a buɗe yadda ka same shi. Da Ubuntu ko Linux Mint ana rubutu a LibreOffice, a shiga intanet da Firefox, a kalli fim da VLC. Ƙwayoyin cutar da ke yawo cikin kile daga siber zuwa siber galibi don Windows aka yi su. Kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, alhali tsofaffin injunanmu da yawa ba su ɗaukar Windows 11.

Sai dai abin ba banza ba ne. Ka tsara memuwar ɗinka tsaf, ka kai wurin bugawa, a buɗe da Word, shafuka su watse (PDF na maganin wannan, in malaminka ya yarda). Mai gyara na iya cewa bai san shi ba. Ɗalibin gine-gine mai buƙatar AutoCAD kuwa, shi kam larurarsa ta gaske ce, ba na zargin sa.

Mu sauran fa? Ina ganin sabo ne ya riƙe mu, kuma sabon nan ba a kanmu kaɗai zai ƙare ba. Wanda Word kaɗai ya iya, gobe in ya shiga ofis a Yamai ko Damagaram shi zai nema, a lokacin kuma lasisin daga baitulmali za a biya shi.