Fatar Kwaɗo da Ruwan Wankin Famfo

Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sanya kwaɗo a magani, sai ya hana a kashe shi. Yawancinmu mun ɗauka hanin ya tsaya kan yaro mai jifan kwaɗo da dutse. A ganina ya wuce nan, kuma hujjar tana jikin kwaɗon.

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, fatar cikinsa ce ke tsotsa. Yana da huhu, amma da maƙogwaro yake tura masa iska, shi ya sa wuyansa ba ya daina motsi. Zuciyarsa ɗaki uku ce, kuma jijiyar da ke kai jini huhu tana da reshe mai zuwa fata, domin jinin ya ɗebi iska ta nan ma muddin akwai damshi. Numfashinsa da shan ruwansa da gudun jininsa duk sun haɗu a fata, ba ta da ƙofar da zai rufe. Saboda haka idan manomi a fadamun Rogo Sabon Gari, ko a gonakin da ke kewaye da madatsar Challawa a Karaye, ya gama feshin ciyawa ya wanke famfonsa a kududdufi, gubar tana ratsa fatar ta isa jini. 'Ya'yan kwaɗi masu wutsiya kuwa ba su da tudun da za su gudu.

Za a ce ayyuka suna tare da niyya, kuma ciyawa manomin ya nufa. Haka ne, wanda bai sani ba yana da uzuri. Amma uzurin jahilci yana ƙarewa ranar da sani ya zo. Za a kuma ce Malikiyya sun sassauta kan cin kwaɗo. Ko da an bi wannan, mai ci yana da buƙata, mai zuba guba a ruwa kuwa bai amfana da gawar ko ɗaya ba, ɓarna ce kawai. Ban ce feshi haramun ne ba, domin kuɗin 'yan noma ya fi ƙarfin talaka. Famfon dai ana iya wanke shi a tudu, nesa da ruwan da kwaɗi ke ƙyanƙyasa, wanda awaki da shanu ma shi suke sha.