Madugun da Bai San Zango Ba

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi daga cikin 'ya'yan ikkilisiyarmu a nan birnin Katsina ya tsaya yana jirana a bakin ƙofar majami'a. Na san shi tun yana ajin yara a makarantar Lahadi. Yanzu ya gama jami'a, ya ƙware a aikin kwamfuta, yana rubuta manhaja a wani kamfani. Kamfanin kan aike shi Kano, Kaduna, Abuja, wani lokaci har Legas, don ya haɗa na'urori ya kuma horar da ma'aikata. Shi ke biyan kuɗin makarantar ƙannensa, shi ke sayen maganin mahaifiyarsa.

Ya ce mini, "Baba, wata takwas ke nan ban yi mako biyu a jere a gida ba. Da aka ba ni hutu na ɗauki matata muka tafi Jos, amma kullum kwamfuta tana kan cinyata. Ranar da za mu dawo ta ce da ta sani da ta yi zamanta a gida. Jitar da nake kaɗawa a ƙungiyar mawaƙa har ta yi ƙura. In na huta, zuciyata ta ce na ci amanar masu dogara gare ni. In na yi aiki, ta ce na ci amanar iyalina. Wanne ne zunubin?"

Ban ba shi amsa nan take ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofa. Abin da na yi ta juyawa a zuciya tun daga ranar shi ne nake so in shimfiɗa a gabanku, 'yan'uwa ƙaunatattu, domin akwai irinsa da yawa, maza da mata, a kan bencinan majami'unmu.

Dole mu manya mu fara yarda cewa nauyin da suke ɗauka ba irin wanda muka ɗauka ba ne. A zamanin ƙuruciyata, in ma'aikaci ya kulle ofis da la'asar, aiki ya kwana a ofis ke nan. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya intanet ta shiga cikinta, ofis ya koma aljihu. Yana bin mutum har gado, har cikin sujada. Wanda ke zaune a Katsina yana yi wa kamfanin Amurka aiki kuwa, rana biyu ce ke fito masa. Sa'ad da ƙarfe tara na safe ta yi a Kalifoniya, a nan ƙarfe biyar ko shida na yamma ce, wato lokacin da ya kamata ya zauna da iyalinsa shi ne lokacin da ake fara nemansa.

Jiki kuma yana biyan bashin wannan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, ya kuma fi shi haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta dalilin dogon aiki. A Faransa har doka aka kafa, wadda ta fara aiki a 2017, don kare haƙƙin ma'aikaci na rufe saƙonnin ofis bayan an tashi. Hausawa sun riga sun faɗa: lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Amma tafiya don neman abinci ba sabon abu ba ne a wannan birni. Katsina ta yi suna da fatauci tun ƙarnuka da suka wuce. Fatake kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja a arewacin ƙasar Gana ta yau, su yi watanni a hanya kafin su dawo da goro daga kasuwar Salaga. Ayari yana da madugu, kuma babban sanin madugu shi ne sanin zango: inda za a sauke kaya, a shayar da dabbobi, a duba ƙafar wanda ya yi rauni. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara zango ake kiran su. Madugun da ya ce riba tana gaba, saboda haka ba za a sauka ba, jakunansa za su faɗi kafin ya ga Salaga. Zango yana cikin lissafin tafiyar tun kafin a bar gida. Matasanmu sun gaji fataucin kakanni, sai dai da yawansu ba su gaji zangon ba.

Ubangijinmu Yesu Almasihu ya san zango. A Markus sura 6 ya aiki almajiransa biyu biyu zuwa ƙauyuka. Tafiyar aiki ce sosai, kuma ta yi albarka. Da suka dawo suna ba shi labari, mutane na ta kaiwa da komowa har ba su sami damar cin abinci ba. Aikin bishara ne, wanda babu aikin da ya fi shi daraja, ga kuma mabukata a tsaye. Duk da haka ya kira su su keɓe tare da shi a wurin da ba kowa, su ɗan huta. Idan aikin ceton rayuka bai fi ƙarfin hutu ba, to, gyaran manhaja ma bai fi ƙarfinsa ba.

Kuskuren ɗan nan nawa, wanda ni ma na daɗe a cikinsa, shi ne ɗaukar hutu a matsayin ladan gama aiki. Aikin kwamfuta kuwa ba ya ƙarewa. Kana rufe matsala ɗaya wata na buɗewa. Mai jiran ya gama kafin ya huta, a gadon asibiti zai huta. Littafin Farawa ya nuna mana wani tsari dabam. A rana ta shida aka halicci mutum, saboda haka cikakkiyar ranarsa ta farko a duniya ita ce ta bakwai, ranar da Allah ya keɓe domin hutu. Adamu bai nome ko kunya ɗaya ba aka ba shi ita. Kyauta ce, kamar yadda ceto kyauta ne.

A Maimaitawar Shari'a sura 5, da Musa ya sake karanta wa jama'a dokokin nan goma, ya ɗaure dokar Asabar da tunawa da bautar Masar. Bawa ba ya da ikon cewa yau ba zan yi ba. Ɗa ne kawai ke da wannan iko. Saboda haka duk lokacin da mai bi ya rufe kwamfutarsa da gangan alhali aiki na nan, shaida yake bayarwa cewa yana da Ubangiji, kuma Ubangijin nan ba kamfani ba ne. Labarin manna a Fitowa sura 16 ya ƙara fito da wannan a fili. Waɗanda suka ɓoye abinci don tsoron gobe sun wayi gari ya yi tsutsa, amma abin da aka tara a rana ta shida domin ta bakwai bai lalace ba. A ƙarƙashin yawan aikinmu sau da yawa tsoro ne ke kwance: in na kashe waya za a ba wani aikina, in na ƙi tafiyar nan za a manta da ni. Tsoro ne mai dalili a ƙasar da masu digiri ke yawo babu aikin yi. Amma wanda tsoro ke tuƙa shi ya riga ya koma Masar, ko da albashinsa da dala ake biya.

Wani zai ce, "Fasto, ka faɗi wannan ne don ba kai ke da ƙanne a makaranta da uwa a kan magani ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune." Gaskiyarsa. Littafi Mai Tsarki bai taɓa yabon ragwanci ba. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti a Koranti don kada ya zama kaya a kan kowa, ya kuma tsawata wa masu zaman banza a Tasalonika. Akwai lokacin da dole a matse, kamar yadda manomi ba ya barcin rana a farkon damina. Har a Markus sura 6 ɗin nan, hutun bai tafi yadda aka shirya ba. Taro ya riga su isa wurin, Yesu ya ji tausayinsu, ya koyar da su, ya ciyar da maza dubu biyar. To, ga ma'aunin: abin da ya katse hutun almajirai tausayi ne. In abu ya zo zai katse naka, tambayi kanka ko tausayi ne, ko tsoro, ko kwaɗayi. Sa'an nan ka lura, bayan an sallami taron, Yesu ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. An ɗaga zangon, amma ba a soke shi ba. Damina wata huɗu ce a ƙasarmu. Wanda ya mai da shekararsa duka damina, ƙasarsa za ta zama fako.

Game da tafiye-tafiye, akwai ruɗi guda da ya kamata a gane. Sauya wuri dabam, hutu dabam. Mutum na iya kwana a babban masauki a Abuja ya dawo a gajiye fiye da yadda ya tafi, ga gajiyar hanya, ga zullumin tsaro da kowane matafiyi a yankinmu ya sani. Haka kuma yana iya kai iyalinsa Jos da jikinsa, hankalinsa na ofis. Matar saurayin nan ba Jos take nema ba, mijinta take nema. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, amma ƙafar da ta zo ba tare da zuciya ba, ba ta zo ba. Dokar Asabar ta ambaci 'ya'ya da barori da baƙo har da jaki, domin hutun mutum da rashin hutunsa duka suna sauka a kan waɗanda ke kewaye da shi. In kai shugaba ne a wurin aiki, saƙon da ka tura wa na ƙasa da kai da tsakar dare ya sace masa abin da Allah ya ba shi.

Jitar da ta yi ƙura fa? Wasu na ganin abin sha'awa irin su kiɗa, ƙwallon ƙafa, dara, kiwon tattabaru ko ɗan lambu a bayan gida wasan yara ne. Ni ban ga haka ba. Dawuda ya riga ya ƙware a kiɗa tun yana kiwon tumakin mahaifinsa, kuma da wannan kiɗan Allah ya sanyaya zuciyar Sarki Saul. Abin da mutum ke yi ba don kuɗi ba yana tuna masa cewa darajarsa ba ta tsaya ga abin da yake samarwa ba. Sai dai a yi hattara, domin abin sha'awa ma kan zama ubangida. Kallon ƙwallon Turai har tsakar dare, ko cacar da ake yi ta waya, ko jan allo da yatsa awa uku a jere, ba sa mai da ƙarfi. Gwajin mai sauƙi ne: in ka tashi daga abin, ka fi haƙuri da mutanen gidanka, ko ka fi saurin fushi?

Mu shugabannin ikkilisiya ma muna da laifi, ni ne na farko. Da na bincika, sai na ga saurayin nan shi muke ɗora wa na'urar sauti da ɗaukar hoton sujada kowace Lahadi, ga taron matasa, ga taron kwamiti. Ranar da ya kamata ya zauna a ciyar da shi, mun mai da ita ranar aikinsa ta bakwai. Yetro ya gargaɗi surukinsa Musa cewa ɗaukar nauyin jama'a shi kaɗai zai gajiyar da shi da su duka, ya ce ya raba aikin. Mun raba, yanzu matasa huɗu ke karɓa-karɓa.

Da muka sake zama da shi, ga abin da na ce masa. "Ɗana, ka sa zango cikin lissafi tun kafin ka tashi, kamar madugu. Ka keɓe yini ɗaya a mako, ka sanar da shugabanka cikin ladabi tun da wuri. Ka karanta takardar yarjejeniyar aikinka ka san kwanakin hutunka, domin Dokar Ƙwadago ta ƙasarmu, wadda ta tanadi hutun yini ɗaya a mako da aƙalla kwanakin aiki shida a shekara, ba ta haɗa da masu aikin ƙwarewa irinka ba. Haƙƙinka yana cikin abin da ka sa wa hannu. Bayan doguwar tafiya, ka roƙi yini guda na gida. In za ku fita hutu, ka bar kwamfutar. Ka kuma share jitarka."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, in suka kore ni fa?" Ban yi masa alkawarin ba za su kore shi ba, domin ba ni da wannan iko. Na dai tuna masa da annabi Iliya, wanda ya gudu cikin jeji a gajiye har ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da gurasa da ruwa har sau biyu, domin tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Wanda ya kula da Iliya a ƙarƙashin itacen nan ya san kuɗin makarantar ƙannenka, ya san maganin mahaifiyarka.

Ya Ubangiji Allah, kai da ba ka gyangyaɗi ba ka barci, ka koya wa 'ya'yanmu yin aiki da aminci da kuma sauke kaya da bangaskiya. Ka kiyaye fitarsu da shigarsu a kan hanyoyin ƙasarmu, ka dawo da su ga iyalansu da jiki da zuciya. Ka gafarta mana inda muka ƙara musu nauyi. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.