Kafin ƙoramarmu ta zama Jakara

Ran da ruwan farko ya sauka, ka je bakin kwalbati ka tsaya. Ko a Tambuwal ne, ko Dogon Daji, ko Jabo, ko Kebbe, abin da za ka gani ɗaya ne. Leda ce ke kan gaba: baƙa, fara, ta fiya wata. Bayanta robar lemo, tsumma, tsohon silifa, kunzugun yara, wani lokaci har mushen akuyar da aka jefar tun bazara. Duk abin da muka yi wata takwas muna zubawa cikin lambatu muna cewa "ruwa zai tafi da shi", ran nan yake fitowa ya gaishe mu. Ruwan kuwa yana tafiya da shi, wannan gaskiya ne. Ina zai kai shi?

Zai kai shi kududdufin bayan gari inda yaranmu ke wanka. Zai kai shi fadama inda ake ban ruwan albasa da tattasai. A ƙasar Kebbe kuwa zai gangara Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Mu ma na gabas da mu suna aiko mana da nasu. Haka gulbi yake: kowa na da wanda ke samansa, kowa na da wanda ke ƙarƙashinsa.

Da ku nake magana, masu cin abinci da guminsu. Ɗan ga-ruwa mai tura jarka goma tun asuba. Mahauci. Mai wanki da guga. Bakanike. Manomin fadama da ke kwana da kukan injin ban ruwa a kunnensa. Masunci. Inna mai tuyar ƙosai bakin kwata, wadda ke korar ƙuda da hannu ɗaya tana juya mai da ɗayan. Mai hali in ruwa ya ɓaci sai ya haƙa burtsatse cikin gidansa, ya ɗora tanki, ya rufe ƙofa. Ku ba ku da ƙofar rufewa. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma wannan ku yake duka.

Bari in kai ku Kano, don can ne aka ga ƙarshen wannan hanya da muka ɗauka.

Jakara ba a haife ta da wari ba. Ƙorama ce da ke tasowa cikin tsohon birnin Kano, kuma tun kafin Musulunci ya kafu can mutanen Dala suna girmama kurminta, ba a taɓa itacensa da wasa. A gefenta aka kafa Kasuwar Kurmi zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ba a kafa kasuwa irin wannan inda babu ruwa. To yau ka ce wa Bakano "Jakara" ka ga yadda zai yamutsa fuska. Ruwan wanka da na masai na unguwanni ya faɗa ciki. Jini da ƙazantar mayanka sun faɗa ciki. Can gaba rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai, suka gangara tare zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A kudancin birnin ma haka kogin Challawa ya sha daga kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa, masu jiƙa fata da sinadarin kuromiyam. Kuma da ruwan nan ake noman latas da kabeji da karas a bakin rafi, a wanke, a ɗaure, a kai kasuwa. Wanda ya zubar da wanda bai zubar ba, duk a akushi ɗaya suke haɗuwa da shi.

Abin lura shi ne babu wata rana guda da aka taru aka ce yau za a kashe Jakara. Bokiti-bokiti aka kashe ta. Kowa ya ce nawa kaɗan ne. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin gine ta da kankare a shimfiɗa titi a kanta, wanda Kanawa ke kira Wuju-Wuju. An kashe kuɗi masu yawa, kuma ba na raina aikin, ya rage wa unguwannin wahala. Amma rufe ƙorama daban, warkar da ita daban. Ruwan da ke bi ƙarƙashin kankaren shi ne dai wanda manomi zai tara da injinsa can gaba.

Na san amsar da wani zai ba ni: "Malam, mu ina muka ga kamfani?" Haka ne, ba mu da Bompai. Amma muna da mayanka da ke wanke tumbi ta sako ruwan cikin kwata. Muna da gareji inda baƙin mai ke tsiyaya cikin ƙasa. Muna da manomin da zai gama feshin maganin ciyawa ya je bakin rafi ya ɗauraye tankinsa, ya jefar da robar nan take, yaro ya tsinta ya mai da ita gorar ruwa. Muna da mai zuba gamalin cikin ruwa don ya kwashi kifin rana ɗaya, ya kashe na shekara uku. Kuma ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Babu kamfani a can ma. Turmi ne, da injin niƙa, da tsakar gida, da kududdufin da ake wanke ƙasa. Ƙasar nan gabas take da mu, kuma ruwanta Gulbin Zamfara yake faɗawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi da naka.

Sai kuma amai da gudawa. A 2021 an ƙidaya mutum sama da dubu 100 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa suka fi jin jiki. Ba iska ke kawo ta ba. Bahayan mai ciwo ne ke shiga ruwa, ruwan ya shiga rijiya marar murfi ko jarkar da ba a wanke ba, daga nan ya shiga cikin mai lafiya. Tsargiyar da ke sa yaro fitsarin jini ita ma tana zagayawa ne tsakanin fitsari da wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zama cikin ruwa mai kwanciya. Sauro kuma kowa ya san inda yake ƙyanƙyasa. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma lambatu ba Allah ya toshe shi ba, mu muka toshe shi, kuma mu ne ke biyan kuɗin ƙarin ruwa a asibiti da buhun geron da aka ajiye don damina.

To ku saurara, ga abin da ya sa ban karaya ba. Namu bai kai Jakara ba. Ƙoramun garuruwanmu gajeru ne, mutum zai bi ɗaya da ƙafa daga farko har ƙarshe kafin rana ta yi zafi. Masu zuba shara cikinsu mun san su, sun san mu, sahu ɗaya muke sallah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kayan aikin ba daga waje za a kawo mana ba, a gida muka gaje su.

Mun gaji gayya. Kakanninmu da ita suka yi noma, suka yi yaɓen masallaci, suka yashe rijiya. Dattawanmu suna tuna duba-gari, wanda in ya shigo gida har randa sai ya leƙa, in ya ga tsutsa a ciki uwar gida ta shiga uku. A shekarar 1984 gwamnatin soja ta kawo yaƙi da rashin ɗa'a, daga baya aka wajabta shara a ƙarshen wata. Ta yi tasiri lokacin da bulala ke tsaye, da bulala ta kwanta ita ma ta kwanta. Darasin da na ɗauka shi ne tsabtar tsoro ba ta daɗewa. Ku dubi maƙwabtanmu na Argungu. Ruwan Matan Fada a hannun Sarkin Ruwa yake, ba a shiga sai an buɗe, shi ya sa ran bikin kamun kifi ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Tun 1934 ake wannan biki, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Dokar gari ce ta riƙe ruwan nan, wadda mutane suka yarda da ita. Addininmu kuma ya riga kowa: an hana fitsari cikin ruwa mai kwanciya, an tsoratar da mai bahaya a mashayar mutane da kan hanyarsu da inuwarsu, an ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ƙasarmu, inda ɗan Shehu Usmanu, Muhammadu Buhari, ya zauna, bai kamata sai an zo daga Abuja an karanta mata wannan ba. Allah gafarta malam, huɗuba ɗaya a kan wannan kafin damina za ta fi motar shara biyu aiki.

Kowa ya kama inda hannunsa ke kaiwa. Sarkin Fawa, ranka ya daɗe, abin da ke cikin tumbi taki ne, manoman albasa za su saya in an tara shi a rami maimakon a sake shi cikin kwata. Shugaban kanikawa, a aje durom ɗaya na baƙin mai, akwai masu saye. 'Yan bola jari, ku da ake yi wa kallon raini, ku sani a wannan yaƙi ku ne sahun gaba, don ku kaɗai ne kuka gane cewa roba da ƙarfe kuɗi ne. A ba ku wuri, a daina korarku kamar ɓarayi. Masu sayar da fiya wata, buhu ɗaya a rataye gefen tebur bai fi ƙarfinku ba. Iyayenmu mata, na san ba ku ke zubar da shara ba, yaro ko almajiri kuke ba, shi kuma ya nufi lambatu mafi kusa saboda ba a nuna masa wani wuri ba. Ba laifinsa ba ne, kuma ba naku ba ne ku kaɗai. Garin da bai ware juji ba ya riga ya zaɓi ƙorama ta zama jujinsa.

A nan ne maganar ta fi ƙarfin shebur. In mun yashe lambatu muka tara ƙazantar a bakinsa, ruwa biyu zai mai da ita ciki, mu koma gidan jiya. Na taɓa ganin haka da idona: samari suka yi wuni suna aiki, laka har gwiwa, aka yi alkawarin mota za ta zo ta kwashe, ba ta zo ba, bayan sati ɗaya kamar ba a yi ba. Waɗannan samarin ba su sake fitowa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Saboda haka gayyar biyu ce, ta hannu da ta baki. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, da kula da magudanan ruwa, da ban-ɗakunan jama'a, da mayanka, da kasuwanni. Aikinta ne a rubuce. Kuma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk mai rumfa a kasuwa yana biyan kuɗin rasit. Wanda ya biya yana da bakin tambaya.

Amma a yi tambayar da dabara. Mutum ɗaya in ya je sakatariya, masinja zai sallame shi. In Sarkin Fawa da shugaban 'yan kasuwa da na direbobi da limami da wakiliyar mata suka biyo mai unguwa, suka je wajen uban ƙasa, suka wuce tare zuwa wajen kansila da ciyaman, dole a ba su kujera. Kada ku je da kuka mai yawa. Ku je da buƙata uku da za a iya ƙirgawa: fili na juji nesa da hanyar ruwa, mota ko amalanke mai zuwa a rana sananniya, da ban-ɗaki a kasuwa da tasha. A rubuta, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Ku ɗauki hoton kwalbatin da waya kafin aiki da bayan aiki. In wata ya wuce shiru, ku koma. In an sake shiru, akwai gidan rediyo, kuma ɗan siyasa ya fi tsoron a kira sunan mazaɓarsa a rediyo da a kira shi a kotu. Ba zagi, ba jifa. Naci kawai, irin na mai bin bashi.

Za a yi muku dariya, wannan tabbas ne. Wani zai tsaya kan babur ya ce, "Nawa aka biya ku?" Wani zai zubar da shara a inda kuka gama sharewa, kuna kallo. Kada ku biye masa. Ƙasar Ruwanda ta hana leda a 2008, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata mutanenta na fita aikin gayya, har shugaban ƙasa. Yau ana ba da labarin tsabtar Kigali a duk faɗin Afirka. Mutanen nan sun fito daga bala'in da ya fi namu. Kogin Singafo kuwa shekara goma aka ɗauka ana gyara shi, daga 1977 zuwa 1987. Mu ba shekara goma muke nema yanzu ba. Damina ɗaya muke so mu gani wadda ruwa zai bi lambatu ya wuce bai shiga ɗakin kowa ba.

Lokacin aikin shi ne kafin ruwa ya sauka, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da lambatu ya bushe. Zafi ne, na sani, don haka a fara da an sallame asuba a tashi kafin hantsi ya ɗaga. A fara daga ƙasa inda ruwa ke fita, a hauro sama. Mai shebur ya zo da shebur, mai manjagara da manjagara, mai baro da baro, mai amalanken shanu ya ba mu aron safiya ɗaya. Kada kowa ya shiga ba takalmi, akwai kwalba da allura a ciki, kuma yara ƙanana su tsaya gefe su riƙe buhu. A tanadi sabulu da ruwan wanke hannu kafin a taɓa kunu. Mai unguwa, ranka ya daɗe, a sa mai shela ya zagaya tun daren Juma'a, a faɗa wa kowa bakin wane kwalbati za a haɗu ran Asabar.