Kada Ka Yi Cinikin Biri a Sama

Ɗana, na san halin da kake ciki tun ranar da tallan sabon wasan nan ya faɗo cikin wayarka. Bai wuce minti biyu ko uku ba, amma ka maimaita shi har ka haddace: kumbo yana shawagi a sararin samaniya babu motsin kowa a cikinsa, fitilu suna kawowa suna ɗaukewa, wata murya tana magana ta cikin bango, can sai inuwar wani abu ta gifta, shi ba mutum ba, shi ba dabba ba. Daga ƙarshe aka rubuta cewa yana nan tafe. Tun daga nan kai da abokanka ba ku da hira sai tasa, a gidan gem, a wajen mai cajin waya, a kan bencin mai shayi, daga cikin garin Gezawa har Jogana da Babawa. Wannan ya ce fatansa a bar mutum ya gina jaruminsa yadda ransa yake so, wancan ya ce shi dai a ba shi labari mai rassa wanda zaɓinsa zai sauya ƙarshensa, wani kuma ya ce in dai bai firgita shi har ya ajiye hannun gem ba, to ba a yi komai ba.

Ban zo in rage maka wannan ɗokin ba, kuma ba na ganin son labarin ban tsoro aibu ne. Iyayenmu mata sun raine mu da tatsuniyar Dodo, muna jin ta muna matsawa jikinsu, gobe kuma mu ne za mu roƙi a sake mana ita. Ɗan Adam yana son ya ɗanɗani tsoro a inda ya san babu abin da zai same shi, domin a nan yake auna zuciyarsa. Abin da ya sauya kawai shi ne Dodon ya bar bakin rafi ya koma tashar sararin samaniya, kai kuma ka tashi daga mai sauraro ka zama wanda labarin yake tafiya da ƙafarsa. Abin da nake so mu tattauna shi ne yadda za ka riƙe fatan nan, don kada ya ci maka kuɗi, ya ci maka barci, ya kuma ɓata maka hali a kan abin da har yanzu bai zo duniya ba.

Ka fara sanin cewa abin da ka gani talla ne. Ka san yadda tirelar fim ɗin Hausa take tattaro wurare mafi zafi ta jera su, ka je ka kalli fim ɗin ka tarar duk daɗin a tirelar ya ƙare. To na wasan bidiyo ya fi haka, domin sau da yawa lokacin da ake haɗa tallan wasan ma ba a gama gina shi ba, wani sa'in ba a ko yi nisa ba. A shekarar 2013 aka saki wani wasa mai suna Aliens: Colonial Marines, wanda aka ɗauko daga sanannen fim ɗin dodannin sararin samaniya. Abin da aka nuna wa jama'a kafin fitowarsa ya yi kyau ƙwarai, amma da ya iso hannu sai aka ga haske da zane da wayon dodannin duk ba su kai na tallan ba. Maganar ta kai kotu a Amurka, har kamfanin Sega, wanda ya fitar da wasan, ya amince ya biya dala miliyan 1.25 don a sasanta. Bayan shekaru wani mai bin diddigi ya gano cewa kuskuren harafi guda a cikin rubutun na'urar wasan yana cikin abin da ya sa dodannin suke tafiya kamar marasa hankali. Ka duba, mutane sun shekara suna mafarki, sun biya kuɗinsu, ashe daɗin abin yana rataye ne a kan irin wannan ƙaramin sakaci.

Labarin da ya fi dacewa da kai kuwa shi ne na System Shock, domin shi ne kakan irin wasan da kake jira. Kamfanin Looking Glass ya fitar da na farko a 1994: mutum guda a tashar sararin samaniya mai suna Citadel, yana fama da wata ƙirƙirarriyar basira mai suna SHODAN wadda ta kangare har take ganin kanta abin bauta. Na biyu ya fito a 1999, a cikin kumbon Von Braun, kuma a nan ne aka haɗa tsoro da gina jarumi yadda har yau ake misali da shi. Ka zaɓi ko ka ƙware a bindiga, ko a kutse cikin na'urori, ko a ƙarfin tunani, harsashi kaɗan ne, makami yana lalacewa a hannunka, duk abin da ka zaɓa kuma za ka ɗauki nauyinsa har ƙarshe. Bai yi kasuwa sosai a lokacinsa ba, Looking Glass ma ya rufe a 2000, amma daga tsatsonsa BioShock na 2007 ya fito.

Masoyansa sun yi ta jiran na uku. A ƙarshen 2015 kamfanin OtherSide ya sanar cewa zai yi shi, a 2016 kuma Warren Spector, wanda yana cikin waɗanda suka yi na farko, ya shigo aikin. Murna ta cika ko'ina, kowa yana lissafa abin da yake fata a saka, kamar dai yadda kuke yi yanzu. Kamfanin da zai zuba kuɗi ya shiga matsala ya janye a 2019, an nuna ɗan talla a shekarar, a 2020 aka ce Tencent na ƙasar Sin ya karɓi ragamar, daga nan sai shiru. Yaron da yake aji ɗaya a sakandare ranar da aka yi sanarwar ya gama makaranta, wataƙila ma ya yi aure, wasan bai fito ba.

A gefe guda kuma wani kamfani, Nightdive, ya ɗauki alƙawarin sabunta na farkon. A 2016 ya nemi gudunmawar jama'a ta Kickstarter, mutane fiye da dubu 20 suka tara sama da dala miliyan 1.3, aka ce musu su saurari wasan a ƙarshen 2017. A farkon 2018 aka dakatar da aikin, shugaban kamfanin ya fito ya faɗi cewa buri ya ja su sun kauce daga abin da suka yi alƙawari, aka koma aka faro daga tushe. Sai ranar 30 ga Mayu 2023 wasan ya fito, kuma ya yi kyau, an yaba masa. Na kawo maka wannan ne don kada ka ce dattijo yana zaɓo labaran baƙin ciki kaɗai. Wani jiran yana ƙarewa da alheri. Sai dai ka lura, wanda ya biya a 2016 da wanda ya riƙe kuɗinsa har 2023 wasa ɗaya suka buga. Na farkon ya ƙara da shekara bakwai na zullumi.

Kai ɗan Gezawa ne, ba sai an koya maka wannan ba. A ƙasar nan da gona take manne da gona, babu saura, kowane taƙi da lissafinsa, manomi yana murna da ruwan farko, yana iya fita ya yi shuka, amma ba ya juye irin geronsa da na gyaɗarsa kaf a rami saboda yayyafi guda, don ya sha ganin ruwa ya sauka ya ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone, a sake sabon lale. Yana fata, yana kuma ajiye iri. Haka nake so ka yi da zuciyarka da aljihunka.

Maganar aljihu kuwa, mu yi ta a fili. Babban sabon wasa a 2024 dala 60 ne zuwa 70. A shekarar kuma dala ta haura naira 1,500, wato wasa guda ya kai naira dubu 90 ko fiye, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar naira dubu 70 ne. Wannan ban da na'urar da za ta iya ɗaukarsa, ban da datar sauke shi, wadda take kai gigabait gommai, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, ban kuma da man janareta. Duk da haka kamfanoni suna kwaɗaitar da mutane su ba da kafin alƙalami, su biya tun kafin ranar fitowa, a saka musu da wata riga ko wata bindiga ta cikin wasan. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke Poland, ko da yake shi ba na tsoro ba ne, ya sami irin wannan ciniki har miliyan 8 kafin ya fito ranar 10 ga Disamba 2020. Da ya fito, a kan PlayStation 4 sai sarƙewa yake yi yana mutuwa, har Sony ya cire shi daga kantinsa bayan mako guda ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a Yunin 2021. An gyara shi daga baya ya zama abin yabo, amma mutumin Turai da katin bankinsa ya fi ka sauƙin karɓo kuɗinsa. Kai in ka sayar da akuyar da ka yi kiwo, ko ka taɓa kuɗin taki, ka tura wa wani a Kano ya saya maka, wa za ka riƙe?

Akwai kuma tarkon da ya fi kusa da kai, tunda yawancinku a waya kuke wasa. Duk lokacin da wani wasa ya yi suna kafin fitowarsa, za ka ga an yaɗa cewa ga shi nan na Android kyauta, danna nan ka sauke. A Disambar 2020 ɗin nan masu bincike na Kaspersky sun gano wata manhajar bogi mai ɗauke da sunan Cyberpunk 2077, wadda take kulle duk abin da ke cikin wayar mutum ta nemi kuɗin fansa. Wasan da aka gina don babbar kwamfuta, wanda ko masu shi ba su sake shi ba, ba zai ɓullo a wayarka ta hannun wani baƙo mai tausayinka ba. A wayar nan kuma akwai asusun bankinka, akwai hotunan gidanku, wataƙila da ita mahaifiyarka take karɓar saƙon kuɗi.

Amma ɗana, duk asarar kuɗi mai sauƙi ce a kan abin da zan faɗa yanzu. Dogon buri in ya ci tura, fushi yake haifarwa, fushin kuma yana neman inda zai sauka. Lokacin da aka ɗaga fitowar Cyberpunk da kwana 21 kacal a Oktobar 2020, ma'aikatan kamfanin sun bayyana cewa har barazanar kisa aka aika musu. Waɗanda suka aika ɗin nan ba aljanu ba ne, samari ne irinka masu son wasan, waɗanda suka gina shi a zukatansu har suka ɗauka bashi suke bin mutanen da ke kwana a ofis suna aikinsa. Na san ba za ka kai nan ba, na san gidan da ka fito. Sai dai hanyar da ƙananan abubuwa take farawa: ka zagi wanda ba ka sani ba a Facebook don ya ce tallan bai burge shi ba, ka daina yi wa abokinka magana don ya fi son wani wasan, ka yi wa ƙanwarka tsawa don ta katse ka kana kallo. Harshen da ya saba da zagi a waya ba ya mantawa in an shigo tsakar gida. Kana da ikon ka ce abu bai yi ba in bai yi ba, kuɗinka ne, amma ka faɗe shi yadda za ka iya maimaitawa a gaban mahaifinka.

In kuwa fata za ka yi, ka yi na mai hankali. Ƙyalƙyalin zane shi ne abin da ya fi saurin tsufa, kuma shi ne yake sa wasa ya fi ƙarfin na'urarka. Ka yi fatan labarin da zai girmama tunaninka, inda in ka yaudari abokin tafiya don ka tsira, wasan ba zai manta ba, zai dawo maka da abin a gaba. Wannan shi ne daɗin wasan da kake shiga rigar wani, kuma ni a nan nake ganin amfaninsa, domin yana nuna maka wane ne kai sa'ad da iska ta kusa ƙarewa kuma ku biyu ne. Ka yi fatan tsoron da ake ginawa da sauti da jira da ƙarancin guzuri, wanda ya fi na yayyafa jini a bango daɗewa a rai. Ka kuma yi fatan wasan da zai yi aiki ba sai da intanet ba, wanda zai bar ka ka adana inda ka tsaya a duk lokacin da ka so, don ka san yadda wuta take yi mana, ka kuma san in an kira sallah ko an aike ka dole ka tashi.

Ranar da ya fito, in Allah ya sa ya fito, ka ba shi mako biyu ko wata guda. Ka kalli yadda mutane suke buga shi da hannunsu a kan irin na'urar da za ka samu, ka tambayi nauyinsa, ka ji ko yana sarƙewa. In mai gidan gem zai saka shi, ka fara biyan kuɗin awa guda ka gwada kafin ka yi tunanin mallaka. Ka duba alamar shekarun da aka buga a jikinsa, domin yawancin irin waɗannan na manya ne, wasu kuma suna ɗauke da tsiraici ko abin da bai dace da tarbiyyarka ba, in ka tarar da haka ka bar shi ko da ka daɗe kana jira. In kuma ya dace ka zauna bugawa, ka waiga bayanka tukuna. Ƙanenka ɗan shekara bakwai yana tsaye yana leƙe, shi bai san cewa zane ba ne, kuma ɗaki ɗaya kuke kwana. Ka sallame shi da daɗin baki, ka ce in ka gama za ku buga ƙwallo tare, kuma ka cika masa.