Mai Jinya Ma Tana da Rauni

Da safen nan, kafin hayaniyar yini ta shigo, mu ɗan zauna da labarin wasu mata.

Ranar 12 ga Fabrairun 1942, sojojin Japan na dab da cin Singafo, wani jirgin ruwa mai suna Vyner Brooke ya tashi cike maƙil da masu gudun hijira, a cikinsu har da nas 65 na rundunar Ostareliya. Bayan kwana biyu jiragen sama suka yi masa luguden bama-bamai, ya nitse kusa da tsibirin Bangka. Nas 22 suka samu fita a gaɓar Radji tare da tarin masu rauni. Da aka yanke shawarar mata da yara su kama hanyar garin Muntok, su nas ɗin ba su bi ba. Akwai waɗanda ba sa iya tafiya, kuma ba a barin mara lafiya shi kaɗai.

Ranar 16 ga wata sojojin Japan suka iso. Suka fara da maza, sannan suka sa matan su shiga teku, suka buɗe musu wuta ta baya. Guda ɗaya ce ta yi rai, Vivian Bullwinkel, 'yar shekara 26. Harsashi ya huda ta wajen kwankwaso ya fice, ta kwanta lamo cikin ruwa har suka tafi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ta rarrafa cikin kurmi, ta tarar da wani sojan Ingila da aka sossoka da banati. Ita da ke bukatar a yi jinyarta, sai ta koma tana jinyarsa, kwana 12 cur. Takan lallaɓa wani ƙauye roƙon abinci, matan ƙauyen su ba ta, alhali sun san abin da zai same su idan aka gano. Ina yawan tunanin matan nan. An kafa wa Vivian mutum-mutumi a Canberra a 2023, su kuwa sai Allah ya san sunayensu, kuma ya sani ɗin.

Sojan bai yi rai ba. Ya rasu bayan sun miƙa wuya. Mai lissafin riba zai ce wahalar banza ta sha. Ban yarda ba. Allah bai ɗora wa mai jinya alhakin warkarwa ba, wannan nasa ne. Abin da ya ba ta shi ne ruwa a hannu, da tsumman ɗaure ciwo, da zama kusa don kada bawansa ya ji an yar da shi.

A sansanin fursunoni ta riƙa rataya gorar ruwa a kwankwaso don ta rufe hujin harsashin a rigarta, domin da an gane ta ga kisan, da ba ta kai labari ba. Haka masu jinya da yawa suke, ciwonsu a rufe. Mukan shiga ɗaki mu ce "ya mai jiki?", mu fita ba mu dubi wadda ta kwana zaune a tabarma ba.

Ya Allah, ka dubi waɗanda suka kwana a bakin gadon wani daren jiya, ka ba su barci mai daɗi in sun samu kwanciya. Ni kuma ka tuna mini, idan na je dubiya yau, in gaishe da mai jinya ita ma, in tambaye ta ko ta ci abinci. Amin.