Glendalough, Kwarin da Ƙanƙara Ta Sassaƙa

Ruwan da ke silalewa tsakanin yatsun mutum, idan Allah Ya daskarar da shi, ko dutse ba ya tare masa hanya. Mai son ganin shaida sai ya nufi Glendalough, a tsaunukan Wicklow na ƙasar Ailan, kimanin kilomita 50 kudu da Dublin.

Sama da shekara 10,000 ke nan da ƙanƙara ta janye daga wurin. Kafin nan ta cika kwarin maƙil, tana jan ciki a hankali, duwatsun da suka maƙale a ƙarƙashinta suna goge ƙasa, suna kankare gefe. Da ta narke sai ga kwari mai faɗin ƙasa, gefensa a miƙe, kamar cikin kwalekwale. Subhanallahi! Babu guduma, babu diga.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne tafkuna biyun da ke kwance a ciki. Asali tafki ɗaya ne. Wata 'yar ƙorama mai suna Poulanass ce ta riƙa gangarowa da yashi da tsakuwa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta raba shi biyu. Filin ciyawar da maziyarta ke takawa tsakaninsu, ƙoramar nan ce ta tara shi.

A ƙarni na 6 wani mai ibada Kirista, Kevin, ya shigo kwarin neman kaɗaici, ana cewa a wani ɗan kogo bisa tafkin sama yake kwana. Ban yi mamakin zaɓinsa ba. Wuri irin wannan yakan sa zuciya ta tuna Mahalicci. Almajirai suka biyo shi, wurin ya zama garin ibada da karatu. 'Yan Viking sun sha kai masa hari, sojojin Ingila kuma suka ragargaza shi a 1398.

Yau kufai ne: majami'u galibinsu marasa rufi, kaburbura masu gansakuka. Amma hasumiyar garin tana nan tsaye, mita 30, siririya, ƙofarta sama da mita 3 daga ƙasa, sai da tsani ake shiga. Kanta ya taɓa ruftawa, sai a 1876 aka tattara duwatsunsa na asali aka mayar da su mazauninsu.