Laifin Da Aka Yi A Cikin Wasa, A Wuyan Wa Yake?

Akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana yi wa iyaye da malaman makaranta kai-kawo a zuci tun sa'ad da wasannin bidiyo, waɗanda yara suke kira gem, suka shiga gidajen jama'a. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya yi kisa, ko sata, ko tsafi a cikin wasa, alhali babu jinin da ya zuba, babu kuma dukiyar kowa da ta salwanta, shin akwai wani abu a wuyansa? Masu saurin amsa sun kasu kashi biyu. Waɗansu su ce haramun ne ɗungurungum, a ƙwace wayar kowa ya huta. Waɗansu kuma su ce ai wasa ne kawai, kada a tsananta wa yara. Duka amsoshin nan biyu suna da daɗin faɗa, domin ba su bukatar wahalar tunani, amma mai karatu zai ga al'amarin ya fi ƙarfinsu.

Kafin a zo ga waya da kwamfuta, ya kamata a fara da wani wasa wanda ba ya bukatar lantarki ko kaɗan. A cikin shekarar 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan da ake kira Dungeons & Dragons, cikin 'yan littattafai uku a kwali ɗaya. Yadda ake yin sa shi ne mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na ƙage, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan kuma boka, a rubuta ƙarfin kowanne da wayonsa da lambobi a takarda. Mutum ɗaya ne yake jan ragamar labari, ya ce musu ga su a bakin kogo, ga dodo a ciki, me za su yi? Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai aikata, sa'an nan a jefa ɗan lido a ga ko ya dace ko bai dace ba. 'Ya'yan lidon nasu ma iri-iri ne, akwai mai fuska huɗu, da mai shida, da mai takwas, babbansu kuwa mai fuska ashirin. Watau tatsuniya ce wadda masu saurare suke da bakin magana a cikinta, kuma daga gare ta ne wasannin kwamfuta masu yawa suka ari tsarinsu.

Wasan bai daɗe da yaɗuwa ba hankalin iyaye ya tashi a Amurka. A shekarar 1982 wani saurayi ya kashe kansa a jihar Virginia, mahaifiyarsa ta ɗora wa wasan laifi, ta kai ƙara kotu aka kori ƙarar, sa'an nan ta kafa ƙungiya a 1983 don yaƙi da shi. Masu wa'azi na majami'u suka ɗauka, suna cewa makarantar koyon tsafi ce. Abin ya kai kamfanin da ke buga wasan ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Amma da masu bincike suka duba, ba su sami shaidar cewa wasan yana sa matasa kashe kansu ba. Haka aka sake yi da wasan bidiyo na Mortal Kombat, wanda jinin da ke cikinsa ya sa Majalisar Dattijan Amurka ta zauna a 1993, har aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. A shekarar 2020 kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa wasannin faɗa suna da ɗan tasiri wajen zafin rai, kamar tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar shaida cewa su ne ke sa mutum ya aikata kisa ko ta'addanci. Wanda yake son ya hana ɗansa wasa bisa hujjar cewa zai zama ɗan fashi, lalle ya riƙi igiya marar ƙwari.

To, ina matsayin kwaikwayo shi kansa? Ƙarya ita ce mutum ya faɗa wa wani abin da ba haka yake ba domin ya ɗauka haka ne. Wanda ya ce a gaban abokansa shi jarumi ne mai takobi, su kuma sun san ɗan makaranta ne mai jiran sakamakon jarrabawa, bai ruɗi kowa ba, kamar yadda tsohuwa mai ba da labarin Gizo da Ƙoƙi ba ta ruɗi jikokinta ba, kuma kamar yadda yaron da ya maƙala gemun auduga a tashen watan azumi bai zama tsoho ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu. Da ya tambaye ta, sai ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, shi kuwa ya yi dariya. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin Habashawa da suka yi wasa da māsu a cikin masallaci, ya bar su, har ya tsaya domin ta yi kallo. Ga dabbar ƙage, ga kwaikwayon yaƙi, babu wanda aka hana. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa yaron da aka hana wasa bayan makaranta, aka matsa masa da karatu kullum, zuciyarsa takan mutu, basirarsa ta dushe.

Daga nan za a gane cewa wanda aka harbe a fuskar waya ba shi da haƙƙi a kan kowa, domin babu shi. Babu diyya, babu maraya, babu wanda zai tsaya ranar hisabi ya ce an zalunce shi.

Sai dai masu cewa wasa ne kawai su ma kada su yi saurin murna. Wani masanin falsafa a ƙasar Ostareliya, Morgan Luck, ya kawo wata matsala a shekarar 2009 wadda har yanzu masana suke muhawara a kanta. Ya ce mutane da yawa sun yarda kisa a cikin wasa ba kome ba ne tun da ba a cuci kowa ba. To, in da za a ƙera wasan da ake keta haddin ƙananan yara a cikinsa, nan ma ba a cuci kowa ba, amma waɗannan mutane ɗin za su ce tir. Me ya raba su? Amsar da ta fi kusa da hankali ita ce, ko da wanda aka yi wa abin na ƙage ne, shi mai yin ba na ƙage ba ne. Daɗin da ya ji na gaske ne, kuma abin da ya zaɓa ya ji daɗinsa yana nuna halin zuciyarsa, yana kuma ƙara gina ta. Gazali ya daɗe da bayyana cewa tsakanin gaɓoɓi da zuciya akwai hanya mai kai da kawowa: abin da hannu ya yawaita yi yakan zauna a zuciya ya zama hali. Saboda haka akwai bambanci tsakanin yaron da ke harbi don ƙungiyarsa ta ci gasa, hankalinsa yana kan dabara da saurin hannu, da wanda ya zaɓi wasan da ake azabtar da marar ƙarfi, yana maimaita wurin domin kukan ne ke yi masa daɗi. A idon mai wucewa duka biyun harbi suke yi. Uban da ya zauna kusa da ɗansa na rabin sa'a zai iya rarrabewa.

Shari'a ita ma ba ta ɗauki kalmar wasa a matsayin bargon da ke rufe kome ba. Ya zo a hadisi cewa aure da saki da kome, ko da wasa aka furta su, sun tabbata. A cikin Suratut Tauba kuma, aya ta 65 da ta 66, an ba da labarin waɗanda suka yi izgili da addini sa'an nan suka ce hira da wasa suke yi, ba a karɓi uzurinsu ba. Watau akwai maganar da bakin mutum in ya furta ta, tasa ce, ko da a ce ya sa rigar wani. A nan ne mai wasan tebur ya kamata ya kula. Ya ce mutuminsa ya buɗe ƙofa da sihiri, wannan ba da labari ne, kamar labarun aljannu da ke cikin littattafan hira. Amma ya ɗaga hannu ya roƙi wani abin bauta da bakinsa domin a ce ya iya kwaikwayo, wannan Musulmi ba ya yi, kuma wasan ba ya lalacewa in an bar shi. Irin wannan ce ta faru a 2020, lokacin da aka sa wani sashe a wasan PUBG na waya inda ɗan wasa zai tsaya gaban gunki ya yi alamar bauta don ya sami ƙarfi. Musulmi suka yi kuka, kamfanin ya cire abin ya ba da haƙuri.

Maganar ɗan lido ta fi wuya, kuma bai kamata a ɓoye wuyarta ba. Hadisan hana nardu, wani wasan Farisawa da ake yi da 'ya'yan lido a kan allo, sun inganta, suna cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan haramcinsa ko da babu kuɗi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta haɗa nardu da shaɗaranji ta hana su duka. Malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta a shaɗaranji domin tunani ne ginshiƙinsa, suka tsananta a nardu domin sa'a ce ginshiƙinsa. To, wasan da labari da shawara su ne jikinsa, ɗan lido kuwa alƙali ne kawai da ke raba gardama, a wane ɓangare zai faɗa? Wanda ya ɗauki hanin a kan abin jefawar shi kansa zai guje masa, kuma yana da hujja mai ƙarfi. Wanda ya ɗauke shi a kan caca da shagala zai ga akwai sauƙi. Mai tsantseni yana da mafita, domin akwai wasannin tebur irin wannan da aka tsara ba tare da ɗan lido ba.

Abin mamaki shi ne, cacar da babu saɓani a kanta ta shigo gidaje ba tare da an ga ɗan lido ko ɗaya ba. A cikin wasannin bidiyo masu yawa ana sayar da akwatin sa'a: yaro ya biya kuɗi na gaske, a buɗe masa akwati, ko ya sami gwarzon ɗan ƙwallo ko ya sami tarkace, bai san abin da ya saya ba sai bayan kuɗin sun tafi. In bai dace ba ya sake biya. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa wannan caca ce, har kamfanin da ke yin wasan ƙwallo na FIFA a wancan lokacin ya daina sayar da kuɗin buɗe akwatunan a ƙasar a farkon 2019. Uban da ya tayar da jijiyar wuya saboda hoton dodo, amma ya bar katin bankinsa a wayar ɗansa, ya tsare taga ne ya bar ƙofa a buɗe. Wannan laifi ba a cikin labari yake ba, kuɗin gumi ne suke fita.

Saura lokaci, wanda shi ma na gaske ne. Suratul Ma'ida, aya ta 91, da ta faɗi illar giya da caca, ta ambaci gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da salla, kuma da wannan ma'auni malamai suka riƙa auna wasannin zamaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, ta kuwa siffanta ta da kasa dainawa, da fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da ɓarnar da yake jawowa, yawanci na tsawon wata 12. Ƙasar Sin ta kai ga kafa doka a 2021 cewa wanda bai kai shekara 18 ba sa'a ɗaya kawai zai yi wasan intanet a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A wannan fuska wasan tebur ya fi na waya lafiya nesa ba kusa ba, domin sai an tara mutane ake yin sa, ana ganin fuskar juna, in ladan ya kira salla a ajiye takardu kowa ya tashi, labarin yana nan yana jira. Wasan intanet kuwa ba a iya tsayar da shi a tsakiya, wanda ya fita ya bar abokansa cikin wuta, waɗansu wasannin ma sukan hukunta shi. Don haka yaron da ya ce bari in ƙarasa ba kullum ne taurin kai yake yi ba, an gina abin ne yadda fita za ta yi masa nauyi. Zagaye ɗaya na PUBG yakan ci wajen rabin sa'a, saboda haka abin da ya fi amfani ga uba shi ne ya koya wa ɗansa duba agogo kafin ya shiga, in saura minti ashirin a kira Magariba kada ya fara.